MAN BABUR DA WUTAR BATIR: Amsar Wasiƙar Wani Mai Babur Daga Gazara

Jama'a, cikin wasiƙun da suka iso mana wannan mako akwai wata daga Gazara ta ƙasar Makarfi, wadda muka ga ya kamata mu ba ta filin nan duka, gama abin da ya dami mai ita ya dami mutane da yawa tun daga Ikara har Hunkuyi, sai dai su ba su rubuto ba. Babur shi ne dokin talaka na zamanin nan, shi ke kai taki gona, shi ke kai tumatir kasuwa, shi ke kai mara lafiya asibiti. Ga wasiƙar kamar yadda ta zo, sai sunan mai ita da muka ɓoye bisa ga roƙonsa.

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙo ka ba ni ɗan fili a jaridar nan tamu mai farin jini in kawo kukana, ko Allah ya sa a sami mai share mini hawaye. Ni manomi ne, ina noman rake da ɗan tumatir, in na sami sarari kuwa ina taɓa acaɓa tsakanin garinmu da Makarfi, wani lokaci har Tashar Yari. Babur ɗin nan da kuɗin raken shekara biyu na saye shi, ƙirar Indiya ne, yana da kik yana da sitata. To, cikin shekara guda batir biyu na saya, na ukun ma ga shi nan ya fara ja da baya. In na kwana na tashi na danna, sai ya yi ɗan ƙyas ya yi shiru.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa shi ne, cikin daminar da ta wuce, wani dare bayan an ɗauke ruwa, naƙuda ta kama matar ƙanena, aka buga mini ƙofa. Na fito da babur na yi ta dannawa har sitata ta daina motsi. Na hau kik na yi ta bugu har gumi ya jiƙa mini riga, ya yi kamar zai kama, sai ya yi tari ya mutu. Sai da aka ta da wani maƙwabci can ƙarshen gari kana aka kai ta asibiti. Allah ya rufa asiri ta sauka lafiya, amma ni har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Da na ba abokai labari, wani da ya taɓa zama ƙasar waje ya ce ai laifin man ƙasarmu ne, wai can kowane famfo da lambarsa, akwai 91, akwai 95, har da 98, mai hali ya sha na sama, injinsa ya ƙara ƙarfi, batirinsa ya daɗe. Ɗan bumburutun da na ke sayen mai wurinsa kuma ya ce yana da wani ja-ja na musamman, in zan ƙara 'yan kuɗi a kan kowace kwalba sai ya riƙa zuba mini shi. Saboda haka na ke tambaya, wane mai ya kamata in sha, kuma mene ne ke cinye mini batir?

Haza wasalam. Naka, Mai Babur, Gazara.

AMSA

To, ɗan'uwa, barka da arziki, Allah ya raya abin da aka samu, ya ƙara wa mai jego lafiya. Mun karanta wasiƙarka har sau biyu, abin da muka gani kuwa shi ne babur ɗinka ciwo biyu gare shi, ɗaya a tanki ɗaya a batir, kuma na farkon yana da hannu cikin na biyun. Amma bari mu fara da maganar abokinka, domin ya faɗi rabin gaskiya, rabin gaskiya kuwa shi ya fi saurin ɓad da mutum.

Lalle a ƙasashen Turai ana sayar da fetur mai lamba 95 da mai 98. A Amurka sai ka ga 87 da 89 da 93, domin su da nasu irin lissafin, har 87 ɗinsu ya yi kusan daidai da 91 na sauran ƙasashe. Wannan lamba ita a ke kira lambar okten, wani masani ɗan Amurka mai suna Graham Edgar ya tsara ma'auninta wajen 1926. Abin da ta ke aunawa shi ne haƙurin mai, watau iyakar matsin da zai jure kafin ya kama wuta don kansa. Ƙarfin da ke cikin lita guda kuwa kusan ɗaya ne, ko mai 91 ne ko mai 98.

Ga yadda abin ya ke. Kai mutumin ƙasar rake ne, ka san yadda injin mazarƙwaila ke matse kara. To, cikin injin babur haka fistan ke matse tururin fetur gauraye da iska, har ya koma kamar kashi 1 cikin 9 na yadda ya shiga, sa'an nan fulogi ya ƙyasta masa wuta, ya fashe, ya tura fistan ƙasa, ƙafa ta juya. Abin da a ke so shi ne man ya ƙone a hankali daga wurin da fulogi ya ƙyasta. In mara haƙuri ne, sai wani sashinsa ya fashe don kansa saboda zafi da matsi, ka ji inji yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, musamman in ka ɗauki kaya kana hawan tudu. Wannan in ta daɗe tana cin fistan. Motocin tsere da manyan babura, waɗanda matsinsu ya kai kashi 1 cikin 12 ko fiye, su ke bukatar mai lamba babba. Amma ƙananan baburan da ke yawo a ƙasarmu, Boxer ne ko TVS ko Jincheng ko Haojue, an ƙera su ne don man talakawa. In ka zuba wa naka mai 98, abin da zai ƙaru kawai shi ne ramin aljihunka. Batir kuwa babu ruwansa da lambar mai, ko kusa.

Har wa yau, ko da kana so ka zaɓa, ina za ka zaɓa? A gidajen man Nijeriya fetur iri ɗaya ne a famfo, bisa ƙa'ida ɗaya wadda lambarta ba ta kasa 90 ba, ko wanda jirgin ruwa ya kawo ne, ko na matatar Dangote ta Legas wadda ta fara fid da fetur cikin watan Satumba na 2024. Saboda haka ja-jan nan na musamman, ka tambayi mai shi, daga wace matata ya fito wadda sauran mutane ba su san hanyarta ba? Launin fetur yakan bambanta daga wannan tanka zuwa waccan, wani fari-fari, wani rawaya, wani ja-ja, bisa ga rinin da aka sa masa da irin haɗin da aka yi a matata, kuma launi ba ya nuna kyau ko muni. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

ZAƁEN DA YA RAGE MANA

Amma kada ka ce tun da ya ke iri ɗaya ne, to, ko'ina ka sha daidai ne. A nan ƙasar zaɓenmu yana tsakanin mai tsabta da gurɓatacce, kuma wannan zaɓe ya fi na Turawa nauyi. Ka tuna abin da ya faru cikin watan Fabrairu na 2022, sa'ad da aka shigo da fetur daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp a ƙasar Beljiyam, aka tarar sinadarin metanol ya yi masa yawa. Hukumar kula da rarraba mai, NMDPRA, ta tabbatar da haka, aka shiga janye shi daga kasuwa, layuka suka yi tsawo a gidajen mai makonni da yawa, masu motoci suka yi ta kukan injinansu sun lalace. Metanol yana cin roba, yana cin wasu ƙarafa na cikin kafireto, yana kuma jawo ruwa. To, in man da ya biyo ta hannun hukuma ya iya zuwa haka, ina ga wanda ya kwana cikin jarka a gindin bishiya?

Ba mu ce 'yan bumburutu duka macuta ne ba, Allah ya kiyaye. Da yawansu neman halali su ke yi, kuma mutumin ƙauye da gidan mai ya yi wa nisa, in ba su, da sai ya tura babur. Tun daga ran 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura 1,000 cikin watan Oktoba na 2024, mutane da yawa suka koma shan kwalba ɗaya ko rabi, gwargwadon abin da ke aljihu. Wannan ba abin kunya ba ne. Sai dai shi man kwalba yana bin hannuwa da yawa, daga famfo zuwa jarka, daga jarka zuwa galan, daga galan zuwa mazurari, kuma kowane hannu yana iya ƙara masa ƙura ko tsatsa ko ɗigon ruwa, ko da mai shi bai yi niyya ba. Dā can, da kananzir ke da araha, shi marasa tsoron Allah ke zubawa cikin fetur. Bayan da aka janye tallafinsa a 2016 ya zo ya fi fetur tsada, sai wannan ha'inci ya ragu, amma ruwa da dauɗa suna nan.

Ga gwaji biyu da ba su bukatar ko kwabo. Na farko, ka sa a zuba man cikin farar kwalba mai tsabta, ka ajiye ta minti biyu ko uku, ka ɗaga ta wajen haske. Ruwa ya fi fetur nauyi, ba su kuwa gauraya, in akwai shi za ka gan shi kwance a gindi kamar ƙwayar ido, tare da duk wani gari-gari. Na biyu, ka ɗiga ɗigo ɗaya bisa farar takarda. Fetur na kirki zai bushe nan da nan ya bar takarda kamar ba a taɓa ta ba. In da kananzir ko gas a ciki, sai ya bar tabon maiƙo. Mai sayarwa na gaskiya ba zai ji haushin gwajin nan ba, wanda ya ji haushi kuwa ya ba ka amsa ke nan.

In hali ya yi, ranar da ka shiga Makarfi ko ka fita babban titin Zariya zuwa Kano, ka sha a gidan man da ka ga ana yawan ciniki, domin man da ba ya daɗewa a rijiya shi ya fi tsabta. Kada ka sha sa'ad da tanka ke juye mai, gama lokacin nan ne laka da ruwan da ke kwance a gindin rijiya ke tashi. Da damina ka duba robar murfin tankinka, in ta tsage ka sake ta, kada kuma ka bar babur a tsakar gida ruwa ya yi ta dukansa. Tankin da kullum ya ke kusan wayam, iska mai laima ke cika shi, da dare ta zama raɓa ta gangara ƙasa, ta haifi tsatsa. Kuma ka sani maɓallin rizab daga can gindin tanki ya ke ja, inda duk wata ƙazanta ta taru, saboda haka mai yawo kullum a kan rizab shi ke shan gindin tukunya. Ka sa 'yar matatar nan ta roba a kan tiyon mai, kuɗinta bai kai na lita ɗaya ba.

Yanzu mu koma daren nan naka. An yi ruwa, babur ya yi kamar zai kama, ya yi tari ya mutu. Ba mu gan shi da idonmu ba, amma alamun nan sun fi kama da ruwa a kafireto, ko kuwa laima a kan hular fulogi. A gindin kafireto akwai ɗan ƙoƙo inda mai ke taruwa, da wani ɗan kusa a jikinsa. Da ka rufe maɓallin mai, ka kwance kusan nan abin da ke ciki ya tsiyaye, ka ɗaure, ka buɗe mai, ka goge hular fulogi da busasshen tsumma, mai yiwuwa da bugu biyu ko uku ya tashi. Aikin minti biyar ne, sai dai a yi shi da tocila, nesa da fitilar kananzir ko ashana. Ka je bakanikenka ya nuna maka kusan nan da rana tsaka, tun ba ka bukace shi ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

RANDAR WUTA

Ga inda ciwo na farko ke haifar na biyu. Babur mai gurɓataccen mai ba ya tashi da wuri, mai shi kuwa sai ya ɗora yatsa bisa sitata ya yi ta nuƙurƙusa, sau goma, sau ashirin, har wuta ta ƙare. Man ne ya yi laifi, batir ya sha bulala.

Batirin babur irin wanda wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙago ne a 1859, faifan darma ne jiƙe cikin ruwa mai asid. Ɗakuna 6 gare shi, kowane yana ba da wuta kaɗan fiye da bolt 2, shi ya sa a ke ce masa mai 12. Ka ɗauke shi kamar randa. Sitata da bokiti ta ke ɗiba. Kwayil da ke cikin inji, tare da rektifaya mai daidaita wuta, su ke mayarwa, amma da ludayi, kuma sai inji na gudu sosai, in yana silo kawai abin da ke shiga bai taka kara ya karya ba. Tashi ɗaya na lafiya, tafiyar 'yan mintoci ta isa ta biya shi. Amma mai yin gajerun zirga-zirga cikin gari, ya kashe nan ya ta da can, ga hon, ga sigina, ga rediyo, kullum ɗibarsa ta fi zubinsa.

Bambancinsa da randa kuwa shi ne, randa in ta bushe ka sake cika ta, ba abin da ya same ta. Batir in ya sauka aka bar shi haka kwana da kwanaki, wani farin gishiri ke kama faifan darman nan ya daskare, wurin da ya kama kuwa ba ya sake riƙe wuta. Watau randar ce ke ƙanƙancewa. Ko ka kai shi caji ya nuna ya cika, cikar ɗan moɗa ce. Yawancin batiran da a ke cewa jabu ne, ta haka suka mutu a hannun masu su, ko da ya ke jabun ma akwai shi a kasuwa.

Akwai wani ɓarawo kuma da ba ka ambata ba, amma muna zarginsa, watau cajin waya. Batirin ƙaramin babur abin da ya ke ɗauka bai wuce a cika manyan wayoyin zamani guda uku ba, in an tatse shi ƙaf, sitata kuwa tun ya sauka rabi ta ke fara gardama. To, ka ga in ka jona wayarka da ta maƙwabci da dare inji na kashe, da safe sai ɗan ƙyas ɗin nan da ka faɗa. In za ka yi caji a babur, ka yi sa'ad da ka ke tafiya. Haka nan ƙarin fitilu masu walƙiya da lasifika da ƙararrawar ɓarayi, kowanne da bakinsa cikin randar nan, wasu ma suna sha ko an zare makulli, in mai haɗa wayar bai bi ta makullin ba.

Batir uku cikin shekara guda ya wuce misali, saboda haka kafin ka sayi na huɗu ka je wurin mai gyaran wuta wanda ke da mita, ka tsaya a kansa ya auna maka abu biyu. Na ɗaya, batir yana hutawa, bayan inji ya daɗe a kashe. Cikakke zai nuna 12.6 ko sama kaɗan, in ya nuna 12.2 rabi ya rage, in ya kasa 12 ya kusa ƙarewa. Na biyu, a ta da inji a ɗan ja totur a sake aunawa. Ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. In bai kai 13 ba, wuta ba ta shiga, sai a binciki kwayil da rektifaya da fis da wayoyi. In ya haura 15, rektifaya ta lalace tana dafa batir, alamarta kuwa ƙwan fitila ya riƙa ƙonewa, ruwan batir ya riƙa ƙafewa, jikinsa ya kumbura. Wanda rektifayarsa ta mutu, ko batir goma ya saya, rijiya ya ke zuba wa. Mu a nan muka fi sa zato game da naka.

Sauran kiwon kuwa mai sauƙi ne. Da safe, musamman da hunturu sa'ad da baƙin mai ya yi kauri batir kuma ya yi sanyi, ka ja cok ka ta da shi da kik, ka bar sitata sai inji ya ɗumama. In ka danna, kada ka wuce daƙiƙa 5, ka saki ka huta kamar daƙiƙa 10. In ka yi sau uku bai kama ba, ka ɗauke hannu ka nemi dalili, domin ruwa ba ya tsami banza. Kan batir in ya yi farin gari ko kore-kore, ka kwance wayoyin, baƙar farko kana jar, ka wanke da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, ka kula kada ta shiga ciki, ka goge, ka ɗaure jar farko kana baƙar, ka shafa ɗan giris ko basilin. Girgizar hanyoyinmu tana sassauta kusoshi, saboda haka ka riƙa taɓa su, ka kuma tabbata batirin a ɗaure ya ke cikin gidansa.

In naka mai murafu ne, ka duba ruwansa kowane wata, da bazara kuwa kowane mako biyu, gama zafi na ƙafar da shi. In ya sauka ƙasa da layi, tataccen ruwa za ka ƙara, wanda a ke sayarwa a shagon kayan gyara. Kada ka ƙara asid, domin ruwan ne ke tashi, asid ɗin yana nan. Ruwan rijiya da na burtsatse suna da gishirin ƙasa mai kashe faifai, tafasa su kuwa ba ta fid da shi. In kuwa rufaffe ne wanda ba shi da murafu, kada ka bari kowa ya ɓalle shi da sunan gyara.

Wajen kai shi caji, ka ce a ba shi ƙaramar wuta, kamar kashi 1 cikin 10 na lambar da ke rubuce a jikinsa. Mai lamba 5 rabin amfiya ya ke so, ya kwana yana sha a hankali, wajen awa 10. Mai cajin da ya jona shi a layin batirin mota ya ce ka dawo bayan awa ɗaya, dafa maka shi ya yi. Batir yana fid da iska mai kama wuta sa'ad da a ke cajinsa, don haka ba a yi cikin rufaffen ɗaki, ba a kuma shan taba kusa.

Sai maganar ajiya. Mutanen Jihar Kaduna ba su manta ƙarshen watan Satumba na 2021 ba, da gwamnati ta ba da sanarwar hana hawan babur har wata uku saboda sha'anin tsaro. Babur ɗin da aka jingine tsawon lokaci irin wannan ba tare da shiri ba, abu biyu ke jiran mai shi, batir ya sauka ya kama gishiri, fetur kuma ya tsufa ya zama ƙaro ya toshe kafireto. Batir yana zubar da wutarsa a hankali ko ba a taɓa shi ba, zafi kuwa yana ƙara masa sauri. Saboda haka in tafiya ta kama ka, ko ciwo, ko aikin girbi, har za ka bar shi fiye da mako biyu, ka rufe maɓallin mai ka bar inji ya shanye na kafireto ya mutu don kansa, ka cire baƙar waya, ka ajiye shi a inuwa, kowane wata kuma a ba batirin caji. In kana gida, ko sau ɗaya a mako ka hau shi ka yi tafiya ta sosai kamar rabin awa. Kunna shi a zaure yana silo ba ya biyan bashi.

Tsofaffin batiran nan biyu kuma, muna fata ba suna yashe a tsakar gida ba. Darmar da ke cikinsu ita ce gubar da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, ko da ya ke su daga dutsen zinariya ta same su. Kada a fasa su, kada a bar yara su yi wasa da su, kada a zubar da ruwansu kusa da rijiya. Ka mayar wa mai shagon da ka saya, yawancinsu suna karɓa har su rage maka wani abu.

To, ɗan'uwa, ka riƙe kuɗin ja-jan nan ka sayi matata da robar murfin tanki, ragowar ka biya mai mita. In ka yi, ka sake rubuto mana abin da ya gani, domin 'yan'uwanka na Gubuchi da Gimi da Kudan su ƙaru. Muna kuma roƙon bakanikai masu karanta jaridar nan, wanda ya san wani abu da muka tsallake ya aiko, fili nasa ne, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ka gai da ƙanenka da mai jego. Allah ya kiyaye hanya, ya sa ranar da aka sake buga maka ƙofa da dare bugu ɗaya ya isa, amin.